Yadda Ake Bin Sawun Binciken Masanin DNA a Auna Tasirinsa: Misali Daga Aikin Tomas Lindahl

Idan aka ba ɗalibin ilimin sinadaran rayuwa aikin rubuta tarihin binciken wani babban masani, abin da yakan kawo wa malaminsa shi ne ranar haihuwa, jerin jami'o'i, jerin lambobin yabo, sai kuma wani adadi da ya kwafo daga Google Scholar na yawan waɗanda suka ambaci maƙalolin mutumin. Duk waɗannan suna iya zama gaskiya, amma wanda ya karanta su ba zai iya faɗin abin da masanin ya gano ba, balle ya faɗi abin da ya sauya a duniyar ilimi saboda shi. Hanyar da nake ganin ta fi inganci ita ce a nemo tambayar da mutumin ya riƙe tsawon rayuwarsa, a bi ta maƙala bayan maƙala, sannan a bi amsar zuwa inda wasu suka kai ta. Zan nuna yadda ake yin haka ta hanyar aikin Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin da ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2015, domin da wuya a samu masanin da zaren aikinsa ya fito fili kamar nasa.

Kafin ka buɗe maƙala ko ɗaya, tabbatar ka riƙe ɗan abin da ba makawa sai da shi. DNA igiyoyi biyu ne da aka tufke, kowace igiya tana da ƙashin baya na sukari da fosfet, kuma a jikin kowane sukari an liƙa ɗaya daga harufa huɗu: adenin, guwanin, saitosin da tayimin, waɗanda ake taƙaitawa A, G, C da T. A yana fuskantar T a ɗaya igiyar, G kuma yana fuskantar C. Shi RNA, ɗan'uwan DNA mai igiya ɗaya, ba ya amfani da T, yurasil yake sakawa a gurbinsa, wato U. Riƙe wannan bambanci na ƙarshe da kyau, domin rabin labarin Lindahl a kansa ya rataya.

Daga nan sai ka tsara ƙwarangwal ɗin rayuwar aikin a shafi guda, kada ka ɓata lokaci a kansa. An haifi Lindahl a birnin Stokholm a 1938. Ya yi digirin digirgir a Cibiyar Karolinska a 1967, ya kammala karatun likita a 1970, a cikin shekarun 1960 kuma ya yi aikin bincike a Amurka, a jami'o'in Princeton da Rockefeller. Ya zama farfesa a Jami'ar Gothenburg a 1978, ya koma Birtaniya a 1981, sannan a 1986 ya zama daraktan farko na ɗakunan gwaje-gwaje na Clare Hall da ke arewa da Landan, ƙarƙashin wata gidauniyar binciken cutar daji, ya riƙe wannan muƙami har 2005. Amfanin wannan shafi ɗaya ne kawai: duk maƙalar da ka ɗauko, za ka san inda marubucin yake zaune da irin kayan aikin da ke hannunsa lokacin da ya rubuta ta.

Aikin gaske yana farawa ne da neman tambayar. Wuri mafi sauƙi da za ka fara shi ne inda masanin ya waiwayi aikinsa da bakinsa, kuma ga wanda ya ci Nobel, laccarsa tana nan kyauta a shafin intanet na gidauniyar Nobel. Sai dai ka riƙa tuna cewa mutum yana ba da irin wannan labari ne bayan shekaru masu yawa, lokacin da ya riga ya san ƙarshensa, don haka ka ɗauke shi a matsayin ja-gora zuwa ga maƙalolin asali. A labarin Lindahl, tambayar ta samo tushe ne a Princeton, inda yake aiki a kan RNA, ya ga yadda yake lalacewa da sauri idan aka ɗumama shi. A wancan zamani an ɗauka cewa DNA sinadari ne mai matuƙar ƙarko, tunda shi ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma an ɗauka ba ya samun lahani sai idan wani abu daga waje ya far masa, kamar hasken rana mai ƙuna ko guba. Lindahl ya tambayi kansa ko DNA ma yana ruɓewa da kansa a cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum ba tare da komai ya taɓa shi ba, kuma idan haka ne, da wane sauri. Rubuta wannan tambaya a saman littafinka da kalmominka, domin da ita za ka auna kowace maƙala da ta biyo baya.

Yanzu sai ka nemo maƙalolin farko ka karanta su a tsanake, kuma ka fara da sashen da ke bayyana yadda aka yi gwajin, wanda ɗalibai suka fi tsallakewa. A 1972 Lindahl da abokiyar aikinsa Barbro Nyberg suka buga a mujallar Biochemistry sakamakon wani gwaji mai sauƙin fasali. Sun samo DNA na bakteriya wanda aka yi wa harufansa na A da G alama da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, suka ajiye shi a ruwa a matakan zafi daban-daban da suka haura na jiki, suna auna yawan harufan da suka ɓalle daga ƙashin baya. Dalilin ƙara zafin shi ne lalacewar tana tafiya a hankali ƙwarai a maki 37 na zafin jikin mutum, ta yadda auna ta kai tsaye yana da wuya, amma idan aka san saurinta a matakai da dama na zafi, lissafi zai nuna saurinta a zafin jiki. Da suka ɗora wannan lissafi a kan yawan DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda ta dabba mai shayarwa, sai ya nuna ana iya asarar harufa har kimanin 10,000 a rana. Bayan shekara biyu, a 1974, suka auna wata lalacewar dabam: saitosin yakan rasa wani ɓangarensa a cikin ruwa ya rikiɗe ya zama yurasil, kuma hakan ya fi sauri inda igiyoyin biyu suka rabu.

A nan ya kamata ka tsaya ka yi wa kanka tambayar da masanin ya yi wa kansa, wato idan wannan lissafi gaskiya ne, mene ne ya zama dole. Amsar ita ce da babu mai gyara wannan ɓarna, da rayuwa ba ta ɗore ba, don haka lalle akwai wasu enzayim, wato furotin masu gudanar da ayyukan sinadari, a cikin ƙwayar halitta da ba a gano ba tukuna, waɗanda aikinsu shi ne sintiri a kan DNA suna gyarawa. Lindahl ya shiga nemansu, kuma a cikin wannan shekara ta 1974 ya buga, shi kaɗai, maƙala a mujallar PNAS inda ya bayyana wani enzayim daga bakteriyar E. coli da ke tsinke yurasil daga jikin DNA ya bar gurbinsa fayau. Wannan shi ne na farko a dangin da ake kira gilaikosiles na DNA. Ganowar ta kuma ba da amsar wata tsohuwar tambaya, ta dalilin da ya sa DNA ke amfani da T alhali U ya fi sauƙin haɗawa: da U harafi ne na halal a cikin DNA, da ƙwayar halitta ba ta da hanyar bambance shi da U ɗin da ya fito daga lalataccen C, amma da yake baƙo ne, duk inda aka gan shi an san ɓarna ce. A ganina wannan jeri, daga auna saurin lalacewa a kwalbar gwaji zuwa hasashen enzayim zuwa tsamo shi, shi ne zuciyar aikin mutumin baki ɗaya, kuma ɗalibin da ya fahimce shi ya fi wanda ya haddace lambobin yabo ashirin.

Da ka kama wannan zare, sauran maƙalolin sai ka jera su bisa abin da kowace ta tilasta wa ta gaba, ko da shekarunsu sun yi nisa da juna. Cire yurasil yana barin gurbi, gurbin yana buƙatar mai yanka ƙashin bayan, yankan yana buƙatar mai cike harafin da ya dace ta hanyar duba ɗaya igiyar, sannan a samu mai ɗinke wurin. A 1994 ɗakin gwajinsa ya haɗa dukkan matakan a kwalba da tsarkakakkun furotin na bakteriya, a 1996 kuma aka yi haka da furotin na mutum. Wannan yana da nauyi a wurin masana sinadaran rayuwa, domin sai ka iya harhaɗa abu da hannunka ya yi aiki za ka ce ka san dukkan sassansa. Lura da tazarar: shekara 24 tsakanin awon 1972 da cikar aikin a 1996. Akwai kuma wasu hanyoyin gyara da suka fito daga ɗakin nasa. A 1980 suka nuna wani furotin da ke cire ɗigon metil (wani ɗan guntun sinadari da ke maƙalewa a jikin harafi) daga lalataccen guwanin ya liƙa wa kansa, daga nan ba ya sake aiki, ana amfani da shi sau ɗaya tak. A 2002 kuma suka bayyana yadda furotin AlkB ke amfani da ƙarfe da iskar oksijin wajen kankare metil daga wasu harufan ba tare da ya cire su ba.

Za ka tarar da rassa da ba su hau kan babban zaren ba, kuma bai kamata ka tilasta su ba. A tsakiyar shekarun 1970 Lindahl ya yi aiki a kan bairos ɗin Epstein-Barr, inda shi da abokan aikinsa suka nuna cewa DNA ɗinsa yana zama a cikin ƙwayoyin mutum a siffar zobe. Ƙwayoyin da suka yi amfani da su, waɗanda ake kira Raji, asalinsu daga Najeriya ne, an samo su a Badun a 1963 daga wani yaro mai ciwon dajin Burkitt, kuma har yau ana renon su a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. Irin wannan reshe ka ambace shi a jimla biyu ka wuce.

Sai bayan duk wannan ya dace ka duba alƙaluma. Buɗe Google Scholar ko Scopus, ko OpenAlex wanda kyauta ne, ka jera maƙalolin bisa yawan ambato. Abin da za ka gani a kan gaba shi ne wata maƙalar bita da ya buga a mujallar Nature a 1993 game da rashin ƙarko da ruɓewar DNA, wadda ta fi maƙalolin 1972 da 1974 ambato nesa ba kusa ba, alhali ita tattara sakamakonsu ta yi. Haka lamarin yake a kowane fanni, marubuta sun fi son ambaton maƙala ɗaya da ta haɗa komai a kan su koma ga tushe. Akwai kuma asarar da alƙaluma ba sa iya nunawa ko kaɗan. Enzayim ɗin nan mai cire yurasil yau yana cikin ruwan gwajin PCR (gwajin da ke ninka DNA don a gano shi) da kamfanoni da yawa ke sayarwa, inda yake lalata ragowar gwajin jiya don kada ya gurɓata na yau, kuma ma'aikacin asibitin da ke amfani da shi kullum ba ya ambaton kowa. Idan bincike ya shiga jinin fanni sosai, sai a daina faɗin mai shi. Ma'aunin h, mai haɗa yawan maƙalolin masani da yawan ambatonsu a lamba ɗaya, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, bai kuɓuta daga wannan ba, ga shi kuma yana fifita wanda ya daɗe yana bugawa da wanda fanninsa ke da jama'a. Kawo adadin idan an buƙata, tare da ranar da ka duba da sunan rumbun da ka duba, amma kada ka gina hukuncinka a kansa.

Abin da ya fi adadi amfani shi ne sanin su wane ne masu ambaton. Danna jerin waɗanda suka ambaci maƙalar 1993, ka ɗebi kamar talatin daga shekaru daban-daban, ka rubuta fannin kowace, kuma ka buɗe ta ka ga jimlar da aka yi ambaton a cikinta, ko marubucin ya dogara da sakamakon ne a aikinsa ko kuwa gaisuwa ce kawai a gabatarwa. A nan za ka ga abin mamaki: masu binciken tsoffin ƙasusuwa suna da yawa a cikin jerin. Dalili shi ne a farkon shekarun 1990 an yi ta buga iƙirarin samo DNA daga ƙwarin da suka maƙale a daskararren ƙaro tun shekaru miliyoyi, har a 1994 aka ce an samo shi daga ƙashin dainoso mai shekara miliyan 80. Lindahl ya yi gargaɗi tun 1993, bisa awon da ya yi shekara ashirin kafin nan, cewa sinadarin ba zai iya jure irin wannan tsawon lokaci ba, kuma daga baya aka nuna cewa abin da aka ce na dainoso ne gurɓata ce daga DNA na mutum. Bayan haka masu wannan fanni suka juya lalacewar ta zama musu shaida, domin tsohon DNA na gaskiya yana nuna C da ya koma U a bakin gutsattsarinsa, inda igiya ta zama ɗaya, sabon DNA da ya faɗo daga hannun ma'aikaci kuwa ba ya nunawa. Da irin wannan shaida ɗakin gwajin Svante Pääbo, wanda ya ci Nobel a 2022, ya tantance DNA na mutanen Niyandatal, wani tsohon jinsin ɗan adam da ya ƙare. DNA mafi tsufa da aka amince da shi, mai kimanin shekara miliyan 2, an buga shi a 2022 daga daskararriyar ƙasar arewacin Girinlan, wato inda sanyi ya rage saurin lalacewar kamar yadda lissafin ya nuna.

Bi sauran rassan ta wannan hanya. Furotin ɗin nan mai aiki sau ɗaya, wanda a jikin mutum ake kira MGMT, ya shiga ɗakin likita: a 2005 aka nuna cewa masu wani mugun ciwon dajin ƙwaƙwalwa waɗanda ƙwayoyin dajinsu suka daina samar da wannan furotin sun fi amfana da maganin temozolomide, domin ƙwayoyin cutar ba sa iya gyara ɓarnar da maganin ke yi musu. A 2016 kuma, lokacin da ɗakin gwajin David Liu a Harvard ya ƙera na'urar sauya harafi guda a cikin DNA ta hanyar mayar da C ya zama U da gangan, sai da suka haɗa ta da wani furotin mai toshe enzayim ɗin da Lindahl ya gano, in ba haka ba ƙwayar halitta za ta ɗauki sauyin a matsayin ɓarna ta warware shi. Duk lokacin da ka samu irin wannan, rubuta shi a jimla guda da ke nuna abin da mai aikin na biyu ba zai iya yi ba da bai san sakamakon na farko ba. Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, to alaƙar ba ta kai a kira ta tasiri ba.

Tasiri yana bi ta mutane ma. Duba waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ko ya ɗauko su, da abin da suka zama. A Clare Hall ne Richard Wood, tare da Lindahl da Peter Robins, ya nuna a 1988 cewa ana iya bin wata hanyar gyaran DNA ta mutum a kwalba ba tare da rayayyar ƙwaya ba, kuma a wannan wuri ne Stephen West da John Diffley da Tim Hunt suka kafa ɗakunan bincikensu, shi Hunt ya ci Nobel a 2001. Gina wurin da irin waɗannan mutane za su zauna su yi aiki ba ya fitowa a kowane rumbun ambato.

Wajibi ne kuma ka yi wa sauran masana adalci, domin rubutu a kan mutum ɗaya yana saurin mayar da shi kamar shi kaɗai ne a fagen. Ba Lindahl ne ya fara gano cewa ana gyara DNA ba. Albert Kelner ya ga alamar haka tun 1949 a ƙwayoyin da haske ya farfaɗo da su, Richard Setlow da wasu sun bayyana yanke lalataccen yanki a 1964, James Cleaver kuma ya danganta gazawar wannan gyara da wata cutar fata ta gado a 1968. Sabon abin da Lindahl ya kawo shi ne cewa babbar barazanar daga cikin gida take, daga ruwa da ɗumi da oksijin na ita ƙwayar halittar. Sakamakon AlkB na 2002 ya fito ne a fitowa ɗaya ta mujallar Nature da na tawagar Erling Seeberg ta ƙasar Norwe, wadda ta kai ga amsa ɗaya a nata ɓangaren. Kyautar 2015 ma raba ta aka yi tsakaninsa da Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, wanda ya warware yadda ake gyara ɓarnar hasken rana, da Paul Modrich na Jami'ar Duke, wanda ya bayyana yadda ake gyara kuskuren kwafi. A wannan shekarar kuma kyautar Lasker ta tafi ga Evelyn Witkin da Stephen Elledge saboda aiki a fanni makusanci, abin da ke nuna cewa kwamitoci biyu na masana suna iya duban fage ɗaya su zaɓi mutane dabam.

Game da samun maƙalolin, tsoffin fitowar PNAS da EMBO Journal suna nan kyauta a PubMed Central, don haka maƙalar 1974 da ta 1996 ba za su ci maka ko kwabo ba. Waɗanda ke Biochemistry da Nature kuwa sai ka bi ta ɗakin karatu na jami'arka, ka tambayi ma'aikacin ko suna da rajista da shirin Research4Life mai sauƙaƙa wa ƙasashe masu tasowa samun mujallun bincike, ko ka nemi wani abokin karatu da ke jami'ar da ta biya kuɗin mujallar. Idan sun zo hannunka, kafin ka fara rubutu, ɗauki fensir ka ja layi a ƙarƙashin sunayen da ke kusa da nasa a kowace maƙala. Za ka ga Nyberg a awon farko, ka ga Robins yana maimaituwa shekara da shekaru, ka ga Barbara Sedgwick a aikin AlkB da Deborah Barnes a aikin enzayim masu ɗinki, kuma duk inda za ka faɗi wani sakamako a rubutunka, sanya sunan wanda ya yi gwajin tare da shi da shekarar da aka buga.